Idan bayan mota ya zame a kwana

Jama'a, yau maganar gem zan yi. Wanda ya ga bai dace ɗalibin mastas mai shekara kusan talatin ya zauna yana rubutu a kan gem ba, ya yi haƙuri ya wuce, ga rubutun siyasa nan birjik a ƙasa.

Na fara buga tseren mota da gaske ne lokacin yajin aikin ASUU na 2022, wanda ya zaunar da mu daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba. Wata takwas ba lakca, garin kuma ba wutar kirki tun da aka fasa turakun layin Damaturu a Janairun 2021. A unguwarmu a Maisandari, inda za ka samu fanka na juyawa ka kuma yi caji shi ne gidan gem mai sola. Kowa ƙwallo yake bugawa. Mu ƴan kaɗan ne muke jira a tashi mu sa Need for Speed Heat ko Gran Turismo Sport. Har yanzu idan na dawo daga makaranta kaina ya yi zafi da babi na uku, can nake sauke gajiya.

To a duk abin da ke cikin wasan nan, ba abin da ke raba gwani da sabon shiga kamar daƙiƙa ɗayan nan da mota ta zame a kwana. Zamewar iri biyu ce. Akwai wadda za ka murɗa sitiyari motar ta ƙi juyawa, ta miƙe abinta. Tayoyin gaba ne suka rasa riƙo, maganinta kuma ka sassauta totur, ka ɗan rage murɗawar, ka bari su sake kamawa. Wannan mai sauƙi ce. Ta biyun ita ce mai ban tsoro: bayan motar ya fice gefe, hancinta ya juyo cikin kwanar, kamar tana so ta waiwayo inda ta fito.

Ku lura da sabon shiga a wannan lokacin. Yatsansa zai danne birki har ƙasa, idonsa kuma ya kafe a kan bangon da yake tsoro. Duka biyun kai shi bangon suke yi. Dalili kuwa, wurin da kowace taya take taɓa kwalta bai wuce faɗin tafin hannu ba, kuma riƙon da ke wurin kamar kuɗin watan ɗalibi ne: abin da ka kashe a birki ba ka da shi a kwana. Bayan haka birki yana tura nauyin mota gaba. Tayoyin baya da suka riga suka fara zamewa sai su ƙara rasa nauyin da ke danne su, shi ke nan mota ta yi wulwul. Ido kuma, hannu binsa yake yi ko ka so ko ka ƙi. Ka kalli bango, sitiyari ya bi bango. Ka kalli inda hanya ta nufa, hannu ya nemo ta da kansa.

Abin da ake yi shi ne a murɗa sitiyari zuwa ɓangaren da bayan ya zame. A ce kwanar hagu ce, bayan ya fita dama, to dama za ka murɗa, da sauri amma daidai gwargwado, yadda tayoyin gaba za su ci gaba da kallon hanya. Wannan rabin aikin ne, kuma kusan kowa yana koyonsa cikin mako guda. Rabin da ke kayar da mutane shi ne mayar da sitiyarin. Da zarar tayoyin baya sun sake kamawa, motar za ta dawo da ƙarfi. Idan ta same ka har yanzu a murɗe, sai ta wurga bayanta ɗaya gefen fiye da na farko, ka gyara, ta sake wurgawa, kamar jelar kifi, har ka juya gaba ɗaya. Dole ka fara warwarewa tun kafin motar ta gama miƙewa. Wallahi wannan ba ya koyuwa da karatu, sai hannu ya maimaita har ya gaji.

Sai totur. A hannun PS4 maɓallin R2 ba kunnawa da kashewa ba ne, yana da mataki-mataki, amma yawancin ƴan unguwarmu ko dai sun danne shi duka ko sun sake shi duka. Idan motar da tayoyin baya take ja, sassautawa za ka yi a hankali, don saki kwatsam ma yana tura nauyi gaba kamar ƙaramin birki. Idan da tayoyin gaba take ja, ɗan ƙara wuta shi ke janyo ta ta miƙe. Wannan bambancin yana nan a titunan Yerwa. Golf 3, Corolla da Camry da gaba suke ja. Marsandi C-Class da baya. Hilux ɗin da suka cika garin nan, idan ba a sa ta a giyar taya huɗu ba, da baya take ja, ga bayan nata ba nauyi in ba kaya. Ka haɗa wannan da yashin da iska ke shimfiɗawa a gefen kwalta, ko ruwan farko na damina da ke taso da ƙura da baƙin mai, ka ga abin da muke wasa da shi a talabijin ya fito fili.

Gem ɗin ma ba duka ne masu gaskiya ba. Need for Speed lallaɓa ka take yi: ka saki totur ka sake dannawa, mota ta kwanta a gefe kamar a fim, ka daki bango ka ci gaba da tafiya. Gran Turismo ta fi kusa da gaskiya, musamman idan ka shiga saiti ka mayar da TCS, wato na'urar da ke hana taya juyawa a banza, daga inda take zuwa sifili. A nan ne za ka san rabin ƙwarewarka ta kwamfuta ce. Masu kare gem kullum suna kawo Jann Mardenborough, ɗan Birtaniyan da ya ci gasar GT Academy a 2011 daga buga Gran Turismo, har ya zo na uku a ajinsa a tseren awa 24 na Le Mans a 2013. Gaskiya ne. Amma sai da aka horar da shi a motar gaske da malamai, kuma shi ɗin ne a 2015 motarsa ta tashi sama a filin Nürburgring na Jamus, ɗan kallo guda ya rasu. A gem da ido kake ganin zamewa. Direban gaske a ƙugunsa yake jin ta kafin ido ya gani, kujerar roba ta gidan gem kuwa ba ta gaya maka komai.

Ga abin da ya sa na yi wannan dogon rubutun. Ƙanena yana ajin ƙarshe bana, kuma kun san yadda ranar gama jarrabawa take zama: farar riga, alƙalamin rubutu a jiki, jerin gwanon motoci, sai wani ya ga fili ya ce bari ya nuna wasan mota, mutane kuma sun kewaye shi suna ɗauka da waya, taku biyar tsakaninsu da taya. Shi da abokansa sun riga sun fara shirin aron Marsandin wani kawunmu. Ya ce min, "Yaya, ai na iya, kullum ina yi a CarX a waya."

Ban yi masa wa'azi ba, na san ba ji zai yi ba. Na ja shi gidan gem da yamma, na zaɓa masa mota mai ja da baya a Gran Turismo, na kashe masa duk abin taimako, na ce ya yi zagaye goma ba tare da ya juya ba, in ya yi ni da kaina zan je wurin Kawu in roƙa masa makulli. Murɗawar farko yana samunta kusan kowane lokaci, yaron yana da hannu. Mayarwar ce ke cin sa. Sau bakwai ya juya, sau biyu daga ciki ya shige shingen da ke gaban ƴan kallo. Yaran da ke jiran layin ƙwallo suna ta dariya, mai gidan gem yana duba agogo don kuɗin awa ɗaya na biya.

Ya ajiye hannun gem ɗin ya ce, "Yaya, wannan hannun ya lalace, sandar tana ja hagu." Na karɓa na yi zagaye biyu da shi lafiya lau. Ya ce a ba shi zuwa Asabar mai zuwa ya sake gwadawa, na ce na amince, amma wannan karon shi zai biya kuɗin awa. Jarrabawarsu ta ƙarshe saura mako biyar.