Famagusta: Abin Da Ya Kamata Baƙo Ya Sani

Duk shekara 'yan'uwanmu matasa na tafiya karatu Arewacin Saifurus, wasu kuma iyaye ne da ke zuwa bikin yaye 'ya'yansu. Mu da muka ɗan zauna a Famagusta, garin da Turkawa ke kira Magusa, a gabashin wannan tsibiri na Bahar Rum, mun ga ya dace mu faɗi abin da dillalan neman gurbin karatu ba sa faɗa.

Tun 1974 tsibirin a rabe yake: Girkawa a kudu, Turkawa a arewa, sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya na tsaron tsakani. Turkiyya kaɗai ta amince da arewa a matsayin ƙasa, shi ya sa sai ka bi ta Turkiyya kafin ka sauka filin jirgin Ercan. Idan wani ya ce maka daga nan za ka tsallaka kudu ka shiga Tarayyar Turai, yaudararka yake yi. Mai fasfon Najeriya da ya shigo ta arewa ba ya wucewa haka kawai. Kuɗin da ake kashewa Lirar Turkiyya ce, amma kuɗin hayar gida sau da yawa da Fam ɗin Ingila ake yankewa, don haka ka tambaya da wane kuɗi ake magana kafin ka sa hannu.

Motoci ta hagu suke tafiya, irin yadda ake yi a Najeriya kafin 1972. Idan za ka tsallaka titi, dama za ka fara dubawa. Soket ɗinsu mai baki uku ne kamar namu. Ruwan sha na gora ake saye. Kada ka ɗauki hoton barikin soja, ko da wasa.

Tsohon gari yana cikin ganuwa mai kauri wadda mutanen Benis suka ƙarfafa, Daular Usmaniyya kuma ta ci garin a 1571 bayan kusan shekara guda tana tsare da shi. A tsakiyarsa Masallacin Lala Mustafa Pasha yake. Asalinsa babban coci ne da aka fara ginawa a 1298, sai aka mayar da shi masallaci aka ɗora masa hasumiya. A ƙofarsa akwai wata tsohuwar bishiyar ɓaure da ake cewa sa'ar ginin ce. Mu dai a ganinmu, sallar Juma'a ɗaya a nan ta fi yini guda a bakin teku. Mata su riƙe mayafi, kuma masu yawon buɗe ido na shigowa tsakanin salloli, kada abin ya ba ka mamaki.

Mutanen gari Musulmi ne, amma ba yadda muka saba a Kano ko Zinder ba. Ana sayar da giya a fili, gidajen caca kuma ba sa ɓoyewa, kuma su ne ke cinye kuɗin makarantar wasu. Ba a son wa'azin da ba a nema ba, ba a kuma son baƙo ya tsoma baki a rikicin tsibirin, domin iyalai da yawa sun rasa gida ko dangi a cikinsa.

Idan aka gayyace ka gida, za a kawo kofi a ɗan ƙaramin finjali, a tambaye ka: sade, orta ko shekerli? Wato babu sukari, tsaka-tsaki ko mai zaƙi. Kada ka shanye gurɓin ƙasa. A ranar Sallah yara na sumbatar hannun dattijo su kai goshinsu. “Merhaba” kaɗai na sassauta fuskar mai kanti.

Abin da ya fi faranta mana rai shi ne tukunya. Molohiya da suke alfahari da ita lalo ce tsaf, sai dai su busar da ganyen su dafa da naman rago ko kaza da tumatir da lemun tsami, ba ta yauƙi kamar tamu. Kolokas gwaza ce, bamya kuɓewa. Cukunsu hellim ana gasa shi ba ya narkewa, kamar wara.

Yuli da Agusta akwai zafi da gumi, sai ka fita da safe ko bayan La'asar. Daga Disamba zuwa Fabrairu ruwa ne da sanyi mai ratsa ƙashi, gidaje da yawa kuma ba su da ɗumi, don haka ka sa rigar sanyi mai kauri a jaka tun daga gida.