Zagayen Tafkin Tizon da Iyali

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a tsakaninmu magidanta, wato idan an ce tafiya, to, ta maigida ce shi kaɗai. Shi ne mai zuwa fatauci, shi ne mai zuwa taro ko kwas, in ya dawo ya kawo tsaraba da labari. Mata da yara kuwa ba su barin gari sai da dalilin biki ko suna ko gaisuwar mutuwa, kuma ko sun je, daga mota sai cikin gida, daga cikin gida sai mota. In mutum ya kwashi iyalinsa don kawai su taka ƙasa su kalli dutse da ruwa, sai a ce aikin Turawa ne, ko na wanda ya rasa abin yi. Mu da muka yi shekara 20 muna koyar da labarin ƙasa a sakandare mun san abin da wannan ɗabi'a take haifarwa. Yaro zai haddace maka ma'anar dutse mai aman wuta, ya zana shi da jan alli, ya ci jarrabawa, alhali bai taɓa hawa tudun da ya wuce jujin unguwarsu ba. Ilimin nasa yana nan a takarda, in an rufe littafi an rufe da shi.

Wannan tunani ne ya sa da hutun ƙarshen shekara ya zo, muka ce zumuncin da za mu kai wa goggonmu a Ngaundare, cikin ƙasar Kamaru, ba za mu je mu kaɗai ba. Muka tafi da uwargida da yara huɗu, babbar tana da shekara 15, autan kuwa 5. Daga Yola muka bi ta Garwa, sannan muka nausa kudu. Kafin a isa Ngaundare akwai wani dogon hawa mai kwana-kwana, inda mota take baro kwarin Binuwai ta hau tsaunin Adamawa. Nan yara suka fara neman rigunan sanyi, domin garin yana bisa tudu sama da mita 1,000, kuma a ƙa'ida duk hawan mita 1,000 zafi yakan ragu da kimanin digiri 6. Mun sha rubuta wannan ƙa'ida a allo, amma a ranar ne muka ga ta shiga jikin 'ya'yanmu ba tare da bulala ba.

Ngaundare gari ne mai tarihi. Asalinsa na ƙabilar Mbum ne, kafin Fulani su kafa mulki a shekarun 1830, kuma har yanzu fadar Lamiɗo tana tsakiyar gari. A 1974 layin dogo daga Yawunde ya iso nan ya tsaya. Daga wannan tsauni ne kuma Binuwai yake tasowa, ya ratsa Garwa da Yola da Makurɗi, ya yi tafiyar kusan kilomita 1,400 kafin ya haɗu da Kwara a Lakwaja. Kudu da garin, tafiya kaɗan a mota, akwai tafkin Tizon, wanda yake kwance a cikin ramin wani tsohon dutse mai aman wuta. Faɗinsa kimanin mita 300 ne, amma zurfinsa ya kai mita 48, wato ya fi rijiyoyin ƙauyukanmu da yawa.

Da muka ce za mu je, sai Goggo ta riƙe baki. Shekararta 40 a garin amma ba ta taɓa leƙa wurin ba, don an ce ruwan yana canza launi, kuma ba a rasa mutanen ɓoye a irin wannan wuri. Ta ce, "Ɗan nan, ka rasa inda za ka kai mini jikoki sai bakin ruwan da ba a san gindinsa ba?" Muka lallashe ta har ta yarda ta bi mu, bisa sharaɗin ita ba za ta zagaya ba, za ta shimfiɗa tabarma daga sama ta zuba mana ido.

Mun fita da hantsi, kafin rana ta yi ƙarfi. Kowane yaro ya sa takalmi sau-ciki ya rataya gorar ruwansa, uwargida ta ƙulla dafaffen ƙwai da gyaɗa da ayaba. Kafin a ɗaga ƙafa muka kafa doka uku. Ta farko, babu mai sauka bakin ruwa, balle wanka, domin gaɓar irin wannan tafki a tsaye take, taku biyu ƙafa ta rasa ƙasa. Ta biyu, babu mai wuce na gaba, babu mai zama bayan na baya. Uwargida ta ja gaba, mu muka tsare baya. Ta uku, autan ne zai yanka mana sauri, in ya tsaya kowa ya tsaya. Babban mutum zai iya zagaye tafkin cikin ƙasa da awa guda, mu kuwa sai da muka ci awa biyu. Sannu ba ta hana zuwa.

Abin da ya ba mu mamaki shi ne, malamin labarin ƙasa bai zama malamin wannan rana ba. Uwargida, wadda ta tashi a ƙauye, ita ta riƙa tsayawa tana nuna wa yara itatuwa: ga maje, ga kalgo, ga gwandar daji, ga namijin kaɗe, tana faɗin wanda ake ci da wanda ake jiƙa sassaƙensa. Yaran nan sun san uwarsu a bakin murhu da wajen wanki, ba su taɓa sanin tana ɗauke da wannan sani ba. Sai ga babbar ta ciro biro tana rubuta sunayen a bayan hannunta.

Da muka kai rabin hanya, na biyunsu, wanda ba ya son magana ko a gida ko a aji, ya tsaya ya daɗe yana kallon ramin, sannan ya ce, "Baba, to ina wutar ta tafi?" Muka zauna a kan dutse muka yi masa bayani. Narkakken dutse ne ya taso daga ƙarƙashin ƙasa ya gamu da ruwa, ruwan ya zama tururi farat ɗaya, ya fasa ƙasa ya bar wannan rami, daga baya ruwa ya taru a ciki. Wutar ta daɗe da mutuwa a nan, amma jerin duwatsun da ya taso daga bakin teku, ya bi ta Dutsen Kamaru ya iso Adamawa da tsaunin Biu a Barno, bai gama hucewa ba.

Ba mu ɓoye musu cewa tsoron Goggo yana da tushe ba. A daren 21 ga Agusta 1986, tafkin Niyos da ke arewa maso yammacin Kamaru ya saki iskar da ta daɗe tana taruwa a ƙarƙashinsa, irin iskar nan da ke fita in an buɗe kwalbar lemo. Da yake ta fi iskar shaƙa nauyi, sai ta gangara kwari ta bi ƙauyuka, ta kashe mutum 1,746 da dabbobi kimanin 3,500, da yawansu shanun Fulani makiyaya. Kafin wannan, a 1984, tafkin Monun ya kashe mutum 37 ta wannan hanya. Binciken da masana suka yi a tafkunan ƙasar bayan haka ya nuna a waɗannan biyu ne iskar ta taru har ta kai ga haɗari, shi ya sa a 2001 aka kafa bututu a Niyos don zuƙe ta a hankali, aka ƙara biyu a 2011. Abin da muke so yara su gane shi ne, wanda aka ce masa aljanu ne a wuri, gudu kawai zai yi. Wanda ya san dalili kuwa ya san abin da zai kiyaye da abin da zai gyara.

Da muka dawo wurin Goggo muka tarar ta idar da sallar walaha tana kallon ruwan. Ta ce ita dai ta ga kore ne, da gajimare ya gifta kuma ya yi duhu. Autan ya haye cinyarta yana ba ta labarin ƙadangaren da ya gani, kafin a ɓare ƙwai barci ya kwashe shi. Shi kuwa mai tambayar wuta, tun daga ranar bai bar mu mun huta ba, har taswirar Afirka ya liƙa a bangon ɗakinsu.

Mai karatu zai iya cewa ba kowa ke da goggo a Kamaru ba, kuma kuɗin mota ya yi tsada, wasu hanyoyin ma ba su biyuwa saboda rashin tsaro. Gaskiya ne, kuma ba mu ce kowa ya jefa iyalinsa cikin haɗari ba. A tambayi mutanen wuri kafin a je, a fita da wuri, a dawo da rana tsaka. Amma mutumin Kano yana da Dala da Gwauron Dutse da madatsar Tiga, na Zariya yana da Kufena, na Jos yana da duwatsun Shere, na Biu yana da tafkin Tila, wanda shi ma ramin aman wuta ne. Abin da ake bukata bai wuce gorar ruwa da takalmi da haƙurin tafiya daidai da ƙafar ƙaramin yaro ba. Shekarun da yaro yake sha'awar bin ubansa ba su da yawa. In suka wuce, ko an kira shi yana da wurin zuwa. Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu malamai da sauran iyaye, hutu mai zuwa a ware ko da wuni ɗaya ne, a fita da uwar gida da 'ya'yanta, mata da maza, a bar su su yi tambaya.