Sauke Inji a Funtuwa da Sauke Inji a Birmingham

Tun da Allah ya ƙaddara mini zama a birnin Birmingham na ƙasar Ingila, ba abin da ke mai da zuciyata gida kamar warin baƙin mai da ke tasowa daga ɗan garejin maƙwabcina duk ranar Asabar, domin ni ɗan direba ne, na tashi a Funtuwa ina riƙe wa mahaifina fitila a daren da ake sauke injin a-kori-kurarsa, Peugeot 504, wadda da ita muke ci, da ita muke sutura.

Maƙwabcin nan nawa dattijo ne da ya bar aiki, yana da wata tsohuwar ƙaramar mota, Mini, irin waɗanda aka yi ta ƙerawa a masana'antar Longbridge ta garin nan daga 1959 har 2000, ya kuwa shafe lokacin sanyi sukutum yana sabunta injinta da kuɗin da ya ƙayyade wa kansa tun farko. Da yake lalle sai an buɗe injin, sai ya ga maslaha ya ƙara masa ƙarfi da abin da bai taka kara ya karya ba. Ya kai aka ƙara faɗin ramukan silinda kaɗan, cikin injin ya tashi daga sisi 1275 zuwa 1293. Aka kankare fuskar kan injin don matsin wuta ya ƙaru. Ya zauna da hannunsa yana goge hanyoyin da iska ke bi zuwa bawul har suka yi sumul. Sa'an nan ya sauya sandar da ke buɗe bawul da wadda ke barinsu a buɗe na ɗan lokaci fiye da ta asali. Muradinsa duka shi ne motar ta zabura in ya taka, alhali ba ta ɗaukar kowa sai shi da matarsa, ran Lahadi, in rana ta fito.

A wajenmu kuwa, in direba ya ce da bakanike yana son inji mai ƙarfi, ba gudu yake nufi ba. Nufinsa motar ta ɗauki buhunan masara daga kasuwar Dandume ko Bakori da kaka, ta yi Malumfashi da lodin auduga, ta kai Dawanau ta komo ba tare da lagireto ya tafasa ba, kuma tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 an ƙara wani sharaɗi a kai, wato kada ta sha mai. Ga shi kuma lokaci bai ba shi dama ba: abin da dattijon nan ya yi cikin watanni, mu kwana uku ne, saboda duk yinin da mota ta yi a gareji, gidan mai ita ne ke jin jiki. Injin 504, wanda aka yi shekaru ana harhaɗa motarsa a kamfanin Peugeot na Kaduna da ya fara aiki a 1975, ya dace da wannan hali ƙwarai, don kuwa ramukan silindarsa ciro su ake yi a sa sabbi tare da fistin da ringi, ba sai an je wurin mai injin gurza ba. Kiranshaf kaɗai ake kaiwa Zariya ko Kano a gyara, a sayo metal daidai da shi a Ƙofar Ruwa. In ka ga an kankare kan inji a Funtuwa, to, zafi ne ya lanƙwasa shi, ba don neman ƙarin ƙarfi ba.

Amma abin da ya tsaya mini a rai ba wannan bambancin niyya ba ne, awo ne. Wata rana na tarar da dattijon ya ɗora wani ɗan zare na roba, siriri kamar gashi, a kan wuyan kiranshaf, ya rufe da metal, ya ɗaure kusoshi da wata sifana mai ƙara "ƙas" in ɗauri ya kai mizaninsa, sa'an nan ya kwance, ya gwada faɗin zaren da ya baje da wata 'yar takarda mai zane-zane, ya rubuta adadin a littafi. Da haka ya san tazarar da mai zai ratsa, wadda ba ta kai kashi goma cikin ɗari na milimita ba. Kowane ringi sai da ya zura shi cikin rami ya auna bakinsa. Kowace hanyar mai sai da ya wanke ta da ɗan buroshi, ya hura, ya lulluɓe da leda. Na yi ƙiyasi a raina, na ga mafi yawan lafiyar da injin nan zai samu daga wannan haƙuri za ta zo, ba daga sandar bawul ɗin da ya saya ba, kuma kuɗin zaren bai kai na abincin rana ba.

Ba ina rage darajar kanikawanmu ba ne, haƙiƙa ma akwai ilimin da suka fi shi. Na ga wani tsohon bakanike a garinmu ya kafa bakin sukuddireba a jikin inji, ya ɗora kunnensa a kan ƙotar, ya faɗi silindar da ke da ciwo, aka buɗe aka tarar haka ne. Na ga yaransa suna murza bawul da tafin hannu kamar masu burga miya, har ya zauna daram. Wannan fasaha ce da ba a samunta a littafi. Sai dai ina baƙin cikin yadda ake tarwatsa ta da abubuwan da ba su da wuyar magani. Ana baje kayan inji a kan buhu a ƙasa cikin ƙurar hunturu, alhali ƙwayar yashi guda a ƙarƙashin metal ta isa ta cinye aikin kwana uku. Ana ɗaure kan inji da ƙarfin damtse, wata kusa ta matsu, wata ta yi sako-sako, gasket ya ƙone. Ana cire na'urar nan da ke tsare ruwa har inji ya yi ɗumi, bisa zaton ƙasarmu ta zafi ce, sai injin ya yini bai kai ɗumin aikinsa ba, yana shan mai yana cin ringi. Ga kuma algus a kasuwa: na tuna shekarar da mahaifina ya sayar da buhunan dawa ya sayi ringi cikin kwali mai kyan gani, kafin damina ta faɗi motar ta koma hayaƙi, kuma na tuna yadda ya tsaya bayanta shiru yana kallon salansa.

Irin wannan cin amana ne ya sa masu motoci da yawa suka daina sauke inji, suka koma sayen tsohon injin Beljiyam a ɗora, wanda ba wanda ya san tafiyar da ya yi kafin ya iso, sana'ar gyara kuwa tana ta ja da baya a hannun matasa.

Da bazara ta shigo Ingila dattijon ya tayar da injinsa, ya ce zai yi mil 500 yana lallaɓa shi kafin ya sauya mai ya taka sosai. Na roƙe shi ya nuna mini shagon da yake sayen kayan awonsa, ya raka ni da kansa. Sifanar mai ƙara, da kwalin zaren nan biyu, da ma'aunin bakin ringi, suna cikin akwatina yanzu, zan kai wa ƙanena da ke koyon aiki a wani gareji a kan hanyar Zariya, in Allah ya kai mu babbar salla.