Tsakaninmu Maza: Ciwon Suga da Allurar Testosteron

Ku matso kusa, 'yan uwa, maganar yau ba ta ɗaga murya ba ce. Da yawa cikinmu muna fama da ciwon suga, kuma mun saba zancen awon jini, da rage tuwon dare, da ƙafar da ke zugi. Abin da muke nauyin faɗa shi ne kasalar da ba a san dalilinta ba, da sha'awar da ta ja baya, da yadda magidanci kan fake da barci don kada maiɗakinsa ta ce masa, "Malam, ko lafiya?" Ina jin ciwon wannan shirun, domin yana raba zukata a gidajen da babu wanda ya yi wa wani laifi.

Yanzu kuma ga zancen allurar testosteron ya shigo gari. Wannan ya ji a wayarsa, wancan abokinsa ya raɗa masa cewa ita ce ke mayar da tsoho yaro. To, Alhaji, kafin ka aiki yaro kemis, bari mu warware maganar.

Testosteron sinadari ne da maraina ke haɗawa, bisa umarnin wani ɗan ƙululu da ke gindin ƙwaƙwalwa. Shi ke riƙe da sha'awa, da ƙarfin tsoka, da ƙwarin ƙashi, har da yawan jini. Kuma gaskiya ne yana raguwa a jikin masu ciwon suga irin na manya. A 2004 likitocin jami'ar Buffalo da ke Amurka sun auna maza masu wannan ciwo, suka tarar kusan ɗaya cikin uku sinadarinsa ya yi ƙasa. Babban mai laifi shi ne tumbi. Kitsen ciki yana juya wani kaso na sinadarin maza ya koma irin na mata, ƙwaƙwalwa kuma ta rage aika umarni. Da sinadarin ya ragu sai tsoka ta zube, kitse ya ƙaru, suga ya ƙara gagara. Ashe wanda ya ji jikinsa ya mutu ba raki yake ba, kuma ba sai an yi masa sammu ba.

Sai dai ba duk raunin gaba ne daga ƙarancin sinadari ba, kuma nan ne yawancinmu ke kuskure. Sugan da ya daɗe yana hawa yana cin jijiyoyi, yana kuma toshe ƙananan hanyoyin jini, ciki har da waɗanda ke kai jini gaba. Wanda matsalarsa ke nan, ko ya sha allura goma ba za ta buɗe masa hanyar da ta toshe ba. Sha'awa na iya dawowa, gaba kuma ta ƙi amsawa, takaicin ya ninku. Hawan jini, taba, damuwa, da wasu magungunan da muke sha duk suna da hannu. Ga kuma taramol da kodin, waɗanda ke danne sinadarin maza kai tsaye. Mai shansu don ƙarin ƙarfi yana rage wa kansa ƙarfin ne.

Shi ya sa ba a fara allura sai da gwaji. A ɗebi jinin da safe, kafin a karya, domin lokacin ne sinadarin ke kan ganiyarsa. Idan ya nuna ƙasa, a sake a wata safiyar, kuma ba lokacin da mutum ke kwance da zazzaɓi ba. Likitoci da yawa suna ɗaukar ƙasa da 300 a ma'aunin nanogiram a matsayin ƙaranci, amma lamba kaɗai ba ta isa ba, sai ta haɗu da alamomi a jiki.

Na san tambayar da ke bakinka, Malam: shin allurar tana maganin sugan kansa? Akwai abin da ya sa mutane suke fata. A Ostireliya an yi bincike kan maza 1,007 masu shekara 50 zuwa 74, masu tumbi, waɗanda suga ke daf da kama su ko bai daɗe da kama su ba. Duka aka sa su a shirin rage ƙiba, rabi aka haɗa musu da allura duk wata uku. Bayan shekara biyu, a sakamakon da ya fito a 2021, kashi 12 cikin ɗari na masu allura ne awonsu ya nuna ciwon suga, sauran kuwa kashi 21. Abin farin ciki ne. Amma a cikin masu allurar nan, kashi 22 cikin ɗari jininsu ya yi kauri fiye da kima. Sannan wani babban bincike a Amurka kan maza sama da 5,000, wanda ya fito a 2023, ya kwantar da hankali cewa man testosteron na shafawa bai ƙara bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba, sai dai an ɗan fi samun rikicewar bugawar zuciya, da gudan jini a huhu, da rauni a ƙoda. Da aka duba sugan waɗannan maza, man bai gyara shi ba. Tun 2018 ma ƙungiyar likitocin sinadaran jiki ta Amurka ta ce kada a ba mai ciwon suga testosteron da nufin saukar masa da suga. Ni a ganina magana ta ƙare a nan: wanda gwaji ya tabbatar da ƙarancinsa zai iya amfana ta fuskar sha'awa da kuzari, amma metfomin da insulin suna nan a matsayinsu.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, ku saurara da kyau, musamman mai amarya da mai shirin ƙari. Testosteron na waje yana tsayar da ƙwayoyin haihuwa. Idan ƙwaƙwalwa ta ga sinadari ya cika jini, sai ta daina aika wa maraina umarni, kamar gidan da ake kai wa akushi kullum har ya daina hura wuta. Maraina su ƙanƙance, maniyyi ya fita ba ƙwaya. Abin ya kai Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa gwada allurar a matsayin hanyar tazarar haihuwa ta maza, wajen 1990. Bayan an daina, yakan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara, kafin ƙwayoyin su dawo. Ku duba abin tausayi: mutum yana shan allura a ɓoye, haihuwa ta tsaya, dangi su sa baiwar Allah a gaba, a yi ta kai ta asibiti da wajen masu magani, alhali ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Wannan zalunci ne ko da ba da niyya aka yi ba. Mai neman haihuwa akwai wasu magungunan da ke zaburar da jikinsa ya haɗa nasa sinadarin, likita ya san su.

Akwai kuma waɗanda bai kamata su kusance ta ba sam: mai kansar furostet, wato ƙululun nan na ƙarƙashin mafitsara, da wanda ya yi bugun zuciya ko shanyewar jiki cikin wata shida, da mai minsharin da numfashi ke ɗaukewa bai sami magani ba, da wanda jininsa ya riga ya yi kauri. Wanda aka ɗora a kai kuwa dole a riƙa duba masa PCV, wato awon kaurin jini, idan ya haura 54 a dakata. Mai shafa man ya wanke hannu ya rufe wurin da riga, don yana iya shafar iyali da yara.

Kada kuma mu raina rage tumbi. Mazan da suka sauke ƙiba sosai sinadarinsu kan tashi da kansa, suga ya sauka, haihuwa ba ta taɓu ba. Tafiyar ƙafa bayan asuba da rage lemon kwalba ba su da kwarjinin allura, amma suna aiki.

Don Allah, ranar da za ka koma asibiti karɓar maganin suga, ka daure ka faɗa wa likita abin da ke faruwa a ɗaki, ka nemi gwajin safe, kuma ka gaya masa tun farko idan har yanzu kana son haihuwa.