Keken Da Ba Ya Tafiya

'Yan'uwana mata, ranar da aka kai ni ɗakin miji a garin Tambuwal a shekarar 2014, wallahi babu abin da ya ba ni kunya a cikin kayan ɗakina kamar keken ɗinkin da Inna ta saya mini. Ni abin da raina yake so shi ne jeren kwanuka da tangaran irin wanda ƙawayena suka samu, wanda in mace ta shigo ganin ɗaki sai ta riƙe baki. Sai ga Inna ta sayar da tumakinta biyu ta sayo mini Butterfly na hannu, fentinsa ma ya soma ɓarewa. Da na yi ƙorafi sai ta dube ni ta ce, "Ke ɗiyar ga, kwano ba ya kai ki ko'ina." Ni kuwa a zuciyata na ce, to shi keken da ba ya tafiya ina zai kai ni? Na samu tsohon zane na lulluɓe shi a lungun gado, ya yi shekara biyu cur ban ko kalle shi ba.

Garinmu wani ɗan ƙauye ne a ƙasar Kebbe, a ƙetaren Gulbin Zamfara, wato gulbin nan da ya biyo ta Gummi ya nufi Jega. Da rani zuwa gida ba wani abu ba ne, domin ruwa yakan janye har a wasu wurare mutum ya naɗe ƙafar wando ya taka ya wuce. Amma da damina sai an yi mota daga Tambuwal zuwa Kebbe, a hau babur zuwa bakin gulbi, a biya kuɗin fito a shiga kwale-kwale, sannan a taka da ƙafa cikin fadama. Kowace gaɓa kuɗi take ci, kuma macen da ba ta da ko sisi nata, kowace gaɓa sai ta roƙa. Maigidana ba mugu ba ne, Allah shi ne shaida, amma ɗan tireda ne mai iyali, ga mahaifiyarsa ga ƙannensa duk a wuyansa. Duk lokacin da na ce ina son ganin gida sai ya ce, "Bari dai a samu." A haka, bari a samu bari a samu, har na shekara uku ban sa Inna a ido ba.

Abin da ya sa na buɗe keken nan ba wani dogon tunani ba ne, sanyi ne. Hunturun wata shekara ya zo da ƙarfi, ga yara biyu, bargo ɗaya. Akwai wani tela a bakin layinmu da ke tara ƙyallaye a buhu yana zubarwa, musamman bayan ɗinkin sallah, sai na aiki yaro ya roƙo mini. Na zazzage buhun a tsakar ɗaki, ga atamfa, ga shadda, ga yadi, ga leshi, wani kamar tafin hannu, wani bai kai ba. Na tuna yadda kakarmu ke haɗa irinsu da allura ta yi shimfiɗar jinjiri, na ce bari in gwada da keke.

Na farkon da na yi, kada Allah Ya maimaita! Ban wanke ƙyallayen ba kafin in haɗa, ranar da na tsoma shi a ruwa wata jar atamfa ta yi zuba ta ɓata sauran, wasu suka tsuke wasu suka saki, bargo ya koma kamar fatar da aka shanya a rana. Uwar mijina ta leƙo ta gan shi a igiya ta ce, "Mi na gani haka awa kayan mahaukaci?" Matan gida suka kwashe da dariya. Na shiga ɗaki na yi kukana na ƙoshi. Amma da dare ya yi, wannan kayan mahaukacin shi yarana suka shige ciki suka yi barci har da minshari.

To daga nan na fara koyo, kuma tunda na san a cikinku akwai mai keke a lungu kamar yadda nawa ya zauna, bari in faɗa muku abin da kuskure ya koya mini. Ki fara wanke ƙyallayen, masu duhu daban masu haske daban, ki goge su da dutsen guga. Kada ki haɗa leshi ko yadi mai santsi da atamfa, domin ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, ɗaya zai ja ɗaya ya yage. Ki yanki kwali mai kusurwa huɗu ya zama ma'auninki, kowane ƙyalle a kansa za ki yanka, kina barin kamar faɗin yatsa na bakin ɗinki. Ki haɗa su jeri-jeri tukuna, sannan ki haɗa jeri da jeri. In fuskar ta kammala sai ki shimfiɗa tsohon zanen gado a ƙasa, tsohon bargo ko mayafi mai kauri a tsakiya, fuskar a sama, ki bi da allurar hannu ki yi manyan ɗinki don su riƙe juna. Wurin hawa keke kuwa, daga tsakiya ake farawa a yi waje, in kin fara daga gefe sai tsakiyar ta tattare ta yi tumbi. Allura lamba 16 ko 18 za ki sa, ƙaramar karyewa take yi, na karya sun fi goma kafin wani tela ya gaya wa yarona. Kuma ki riƙa ɗiga wa keken mai kina share ƙurar da ke taruwa wajen kwarkwaro, don aikin nan ƙura gare shi.

Maganar kayan mahaukaci kuwa ta daɗe tana cina, sai daga baya na lura ashe dogaran sarki ma ja da kore ake haɗa musu, ba wanda ya taɓa yi musu dariya. Wata rana kuma ƙanen mijina ya nuna mini a waya wasu mata baƙaƙen fata na wani ƙauye mai suna Gee's Bend a Amurka, waɗanda talauci ya sa suke haɗa tsofaffin wandunan aiki su yi bargo, har a shekarar 2002 aka rataye aikinsu a manyan gidajen nuni mutane suna zuwa kallo. Na ce ikon Allah, ashe tsumma ma in ya yi sa'a yana shiga gidan manya.

Maƙwabta suka fara kawo tsofaffin zannuwansu in haɗa musu. Masu jego suna son ƙaramin na shimfiɗar jariri, masu yara a makarantar allo suna son mai kauri. Abin da na samu nakan raba uku: na zare da allura, na sabulu da ɗan abin miya, sai na ukun in jefa a asusun gwangwani da na ɓoye a ƙarƙashin keken. Ban taɓa gaya wa kowa abin da nake tarin don shi ba.

Cikin watan Agusta na 2022, ana tsakiyar ruwa, aka bugo waya aka ce Inna tana kwance kwana shida, ko kunu ba ta iya sha. Na jira maigida ya ci tuwo ya wanke hannu, na durƙusa na gaya masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wallahi ba ni da kuɗɗin mota yanzu. Kuma gulbi ya cika, kin manta abin da ya faru Gidan Magana?" Ban manta ba. A cikin azumin shekarar ne, watan Afrilu, jirgi ya kife a can ƙasar Shagari maƙwabtanmu, mutum 29 suka rasu. Gaskiya ya faɗa. Amma na tashi na ɗauko gwangwanin na fasa shi a gabansa, na ce, "Maigida, kuɗi ga su, izininka kaɗai nike biɗa."

Ya daɗe yana kallon kuɗin nan, tsofaffin ɗari biyu-biyu da ɗari biyar-biyar duk sun nannaɗe. Na ga abin ya ɗan sosa masa rai, don namiji ba ya son a nuna masa an iya ba da shi ba, ni ma kuma ban yi don in nuna ba. Can ya ce, "Ki tahi, amma da sharaɗi. Ƙanena ya raka ki, kuma in kun ga jirgi ya cika kada ku shiga, ko da za ku kwana bakin ruwa."

Akwai wani bargo da na shekara ina haɗawa a hankali, ba na sayarwa ba. A cikinsa akwai atamfar da na sa ranar kamuna, da guntun shaddar marigayi Baba, da wani zane mai ruwan ganye na Yayata da ta rasu wurin haihuwa. Na naɗe shi na sa a leda biyu na ɗaure.

Mun isa bakin gulbi da hantsi. Jama'a, ban taɓa ganin ruwa haka ba. Ja wur kamar kunun kanwa, ya haye gonakin shinkafa, itatuwan da na sani a tudu sai kawunansu ake gani. Jirgi ɗaya ne ke fito, mutane kuwa sun fi arba'in. Ina kallo aka loda buhunan taki, aka ɗora babur, aka jefa awaki biyu, mutane suka duru har tsakanin bakin jirgin da ruwa bai fi faɗin tafin hannu ba. Rigar kariya kuwa ko ɗaya babu. Ƙanen mijina ya ce, "Yaya, mu shiga, rana na yi." Zuciyata tana wurin Inna, ƙafata har ta taka ruwa, sai na ja da baya. Na ce ba ni shiga. Wata tsohuwa ta ce mini, "Ke, in kwana ya ƙare ko kan gado sai a tahi." Na ce haka ne Iya, amma na yi alkawari.

Sun ƙetare lafiya, alhamdu lillahi, ni kuwa na zauna a kan tushen itace awa biyu ina jin haushin kaina. Da mai fiton ya dawo, wani dattijo ne cikin Sarkawa, na matsa na ce masa zan biya kuɗin mutum huɗu in zai rage kaya. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Ke ko kina da kuɗɗin?" Na kwance bakin zane na nuna masa. Kuɗin bargon jarirai biyu ne suka tafi a wurin nan, kuma har yau ban yi da-na-sani ba. Mu goma sha ɗaya muka shiga. Ya fara tura jirgin da gora yana bin gefe yana haurawa sama, sai da muka yi nisa sannan ya ajiye gorar ya ɗauki filafili ya bar ruwa ya gangaro da mu a karkace zuwa ɗaya gaɓar. A tsakiya jirgin ya riƙa rawa, ruwa na tsattsafowa ta wata ɓaraka, wani yaro na kwarfewa da ƙwarya. Ni dai ledar tana kaina na riƙe da hannu biyu, bakina babu abin da yake sai salati.

Daga gaɓa zuwa gida tafiyar da muke yi a rabin awa da rani sai da ta ci mana kusan awa biyu. Na cire takalmi na riƙe, laka har ƙwauri, ƙaya ta soke ni sau biyu, muna ratsa gero da dawa da suka fi mu tsayi. Shekara takwas ina zaune a ɗaki, ashe ƙafata ta manta da tafiya, sai da na zauna hutu sau uku. Da na hango kukar bakin garinmu sai hawaye suka zubo mini.

Na tarar da Inna a kan tabarma ta rame kamar ba ita ba, zazzaɓi ne ya kama ta da ƙarfi. Ta buɗe ido ta ce, "Wa ya kawo ki cikin ruwan ga?" Na ce, "Kekenki, Inna." Ba ta ce komai ba. Na kwance ledar na lulluɓa mata bargon. Ta riƙa shafa shi da hannu, ƙyalle bayan ƙyalle, har ta zo kan mai ruwan ganyen nan ta tsaya. Ta ce, "Wanga zanen Yayarki na." Na ce shi ne. Ta daɗe hannunta na wurin.

Da sauran kuɗin aka sayo magani daga Kebbe, na yi kwana tara ina jinyarta har ta fara tashi zaune tana shan fura. Ranar da zan komo, na fito daga wanka na same ta a bakin ƙofa ta juya bargon ta baya tana bin ɗinkin da ido, kamar yadda take duba tsabar gero. Ta kira ni ta nuna mini wani layi wajen gefe, ta ce, "Nan ɗunkin ya karkace, gaggawa kika yi." Na ce haka ne, dare ne ya yi mini. Ta ce in miƙo mata reza da allura.