Dutsen Kazaure Yana da Dangi a Burazil

Jama'a, ku zo ku ji abin da na tsinto a gefen hanyar Roni! Farin dutse ne, irin ƙanƙarar da yara ke ƙyastawa da dare su ga tartsatsi. Na miƙa wa wani malamin ilimin duwatsu da muke tafe tare, ya jujjuya shi, ya ce: "Malam, wannan da rairayi ne."

Rairayi fa! Wai ruwa ne ya tara shi a wani zamani mai nisan gaske, ƙasa ta binne shi, zafi da nauyi suka gasa shi kamar yadda ake gasa tukunya, har ƙwayoyinsa suka manne da juna. Wannan matsi ya auku ne kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, lokacin da manyan ɓangarorin ƙasa suka yi karo, tsaunuka suka tashi. Tuddan da muke gani yau a Kazaure da Roni da Gwiwa saiwoyinsu ne kawai. Iska da ruwan sama sun cinye sauran. Masana sun sanya wa wannan jerin duwatsu sunan Kazaure, kuma suna lissafa shi tare da na Maru da Anka da Birnin Gwari.

Abin da ya tayar mini da tsikar jiki shi ne da ya ce zirin bai tsaya a nan ba. Ta arewa ya miƙe har tsaunukan Hogar na Aljeriya. Ta kudu kuwa, sai ka tsallake tekun Atlantika ka same shi a arewa maso gabashin Burazil, domin a wancan lokaci Afirka da Amurka ta Kudu a haɗe suke, teku bai ratsa tsakaninsu ba. Allah mai iko! Dutsen da akuyarmu ke hawa yana da dangi a wata nahiya.

Nan take na gane dalilin da ya sa idan ka nufi Ɓaɓura ƙasa ke kwantawa, yashi ya mamaye ko'ina: dutsen yana nan, ya dai nutse ƙarƙashin rairayin kwarin Chadi. Na kuma tuna Ɗan Tunku, wanda ya ja daga da Sarkin Kano Ibrahim Dabo bayan 1819. Mai neman mafaka daga mahayan dawaki, ina ya fi masa tsakanin tuddan nan?

Kuma daga tataccen irin wannan farin dutse ake fitar da silikon, wanda ke cikin wayar hannunka da farantin sola na rufin gidanka.

Malaman makarantunmu, don Allah ku fito da yara daga aji ko da sau ɗaya a zango. Ku kai su gindin tudu, kowa ya ɗauki dutse ya yi tambaya.