Mawaƙi a Kan Hanya Madugu Ne

Shekarar mawaƙi mai yawo ba ta bin kalandar ofis. Takan buɗe ne da kaka, idan an girbe gero da dawa, an sayar da wake da gyaɗa, kuɗi ya shiga aljihun manomi, aka fara sa ranakun aure. Sai kuma watan Sha'aban, lokacin da kowa ke rige-rigen ɗaura aure kafin azumi ya kama, har a kira ka gari biyu a rana guda. Azumi na zuwa a rataye kalangu. Bayan sallah a fita wasannin sallah. Da damina kuwa aiki sai jefi-jefi, wanda bai ajiye na kaka ba shi ne mai cin bashi. A cikin wannan zagaye na yi ƙuruciyata har furfura ta fara fito mini, kuma abin da na tsinta a ciki shi nake son in bar wa masu tasowa.

Mai kallo mutum ɗaya yake gani riƙe da makirfo. Ni kuwa idan na hau dandali, na san mota guda ce ta kawo mu: makaɗa, 'yan amshi, sanƙira, mai fiyano, yaron da ke haɗa lasifika da janareto, da direba. Kowannensu ya bar mata da 'ya'ya ko tsofaffin iyaye a gida, kuma da sunana ya yi musu sallama. Ko a faifan Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, kunnen da ya san waƙa ba muryarsa kaɗai yake ji ba, yana jin kalangu da amshin da ke riƙe da shi. Irin su Ɗan Maraya Jos, da a zamaninsa yake iya cika fage shi da kuntiginsa, ba su da yawa. Mu saura da jama'a muke tafiya.

Shi ya sa nake ganin aikinmu ya fi kama da na madugun fataken da, masu kai kanwa da tufafi Gwanja su komo da goro. Madugu ne ke sa lokacin tashi, shi ke zaɓen zango, shi ke biyan kuɗin fito, kuma idan wani ya ɓata a hanya shi za a tambaya. Waƙa awa biyu ce ko uku a dare. Sauran yinin duka madugunci ne, kuma a nan ake gane mawaƙin da zai daɗe.

Na fara koyon wannan a kan kuɗi, domin babu abin da ke tarwatsa ƙungiyar makaɗa irin rabon liƙi. Dokata ita ce a ƙirga a daren, a gaban kowa, a kan tabarma ɗaya. A fitar da kuɗin mai da abinci da masauki, a ware wani abu don gyaran mota da rashin lafiya, sannan a raba, kowa ya san kasonsa tun kafin mu bar gida. A farkon 2023, bayan an sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000, tsabar kuɗi ta yi wuya, sai liƙi ya koma turawa ta waya. Kuɗin da kowa ke gani yana zuba a ƙasa ya zama saƙon banki da ke shigowa wayata ni kaɗai. Wani tsohon makaɗinmu ya ja ni gefe ya ce, "Maigida, ba zargi ba ne, amma idon yaran nan ya saba gani." Tun daga ranar nake miƙa wayar a karanta saƙonnin da ƙarfi. Amana ba ta tsaya ga ka zama mai gaskiya ba, sai ka sauƙaƙa wa mutanenka hanyar ganin gaskiyar.

Sai hanyar kanta. Na san ta Katsina zuwa Jibiya, a tsallaka Ɗan Isa a shiga Maraɗi. Na san ta Daura da Kwangwalam da Matamaye har Damagaram, da ta Sakkwato zuwa Illela da Birnin Ƙonni, a miƙe Dogon Dutsi da Dosso a faɗa Yamai. A can babu wanda ke ɗaukar mu baƙi, kafin ka buɗe baki sun riga ka amshi. Amma iyaka iyaka ce. Da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disambar 2020, ga kuma annobar korona da ta hana taro. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufewa. A waɗannan watanni na gane cewa wanda ka ci da guminsa lokacin wadata yana da haƙƙi a kanka ranar da babu kiɗa. Na sayar da abin da na sayar don kada tukunyar gidan ɗan amshina ta kife, ban kuwa taɓa nadama ba.

A da muna gama wasa cikin dare mu kama hanya, asuba ta same mu a wani gari. Yanzu akwai hanyoyi, irin ta Funtuwa zuwa Gusau da ta Birnin Gwari, da ba na yarda mu bi su idan rana ta yi sanyi, ko nawa aka ba da kafin alƙalami. Zan faɗi gaskiya, ina jin tsoro, kuma ba na ɓoye wa yarana. Na sha mayar da kuɗin mai biki saboda lokacin da ya sa bai yi daidai da hanya ba. Wasu sun yi fushi, sun ce na yi girman kai. Fushin mai biki yana hucewa. Amma tsayawa a ƙofar gidan wata mata ka gaya mata ɗanta da ya bi ka bai dawo ba, wannan babu kuɗin da ke wanke shi. Haka kuma direba: idan ya ce barci yake ji, maganarsa ta fi tawa. A tsaya a tasha, a yi sallar ƙasaru, a sha shayi, ya rintsa.

Murya ma amana ce, tunda bakuna da yawa ke ci daga gare ta. Ƙurar hunturu da hayaƙin janareto da rashin barci su ne manyan abokan gabanta. Ruwan ɗumi, citta, kanumfari da zuma, da yin shiru a mota maimakon hira, su suka riƙe ni. Akwai gajeriyar hanya da ake tallata wa matasanmu a bayan dandali: ƙwayar da ke hana gajiya da maganin tari mai sa maye. Gwamnati ta haramta haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018, amma jarabar ba ta bar tasha ba. Na ga yaro mai hannun kiɗa wanda da ka ji shi sai tsigar jikinka ta tashi, ƙwaya ta mayar da shi ba ya iya riƙe gula. Na kai shi asibiti, na zauna da mahaifinsa. Har yau idan na tuna shi zuciyata na ciwo, shi ya sa nake sa ido a kan abin da kowa ke sha a motata.

Kada a ɗauka tafiyar wahala ce zalla. A zangon Kumasi da unguwar Nima ta Accra na yi wa mutanen da aka haifi kakanninsu a can waƙa, Hausarsu da nata ɗanɗanon, amma da na ambaci Kano da Katsina da Gobir sai na ga dattawa suna share hawaye. Wani tsoho ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, ka kawo mini garin ubana har gida." Ranar na san abin da muke ɗauke da shi ya wuce nishaɗi. Zumunci muke kai wa mutanen da nisa ya raba da tushensu.

A irin wannan tafiyar ce kuma aka bugo mini waya cewa Inna ta rasu. Musulmi ba ya jiran matafiyi, kafin in tsallako iyakoki an kai ta makwancinta. Ban ga fuskarta ba, ban sallace ta ba. Waɗanda suka riƙe ni a hanyar dawowa su ne mutanen motar nan: direba bai sauka daga sitiyari ba sai don salla, makaɗa suka zauna karɓar gaisuwa tare da ƙannena har aka share makoki. Wannan rashi ya sauya mini tsarin aiki. Ba na fita sai na durƙusa na nemi albarkar Baba, sai na bar wa maiɗakina abin da zai ishe ta, ba na kuma karɓar aikin da zai haɗa mini makonni a jere ban kwana gida ba. Yarana ma haka: wanda matarsa ta kusa haihuwa ko mahaifinsa ke kwance, ya zauna, kasonsa na nan.

Ga matashin da waƙarsa ta fara zagaya wayoyi, ana kiransa Maraɗi da Garwa da Kumasi, shawarata ita ce ya shirya wa riƙon mutane kamar yadda yake shirya wa waƙa. Ya rubuta yarjejeniya da mai biki kafin ya tayar da mota. Ya san sunan mahaifiyar ɗan amshinsa da unguwar da take. Ya ci abin da yaransa suka ci, ya kwana inda suka kwana, ya biya su kafin ya ɗinka sabuwar riga. Farin jini na Allah ne, yakan ba wanda ya so ya kuma karɓe lokacin da ya so. Amma mutanen da suka shiga mota saboda kai, za a tambaye ka yadda ka fita da su da yadda ka komo da su, iyayensu za su tambaya a nan duniya, Ubangiji kuma zai tambaya gobe kiyama.